Tawadar Mahaifiyarku

Kwana biyu bayan addu'ar arba'in ta mahaifiyarku, ina zaune a zaure na ji ku a tsakar gida kuna shawara a kan akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin tsohon keken ɗinkina. Kun ɗauka kunnena ya yi nauyi. Ya yi, amma bai kai yadda kuke zato ba. Aminu, kai ka ce ranar da ta Allah ta kasance a kaina za ka fitar da akwatin bayan gida ka cinna masa wuta, don bai dace jikokin malamai su gaji hotunan 'yan dambe da masu bindiga ba. Binta, ke kika ce a'a, akwai wani mutum a Kano da ke sayen irin waɗannan tsofaffin littattafan zane, har kin tura masa hotonsu ta waya. Daga nan kuka haɗu a kan magana ɗaya, wadda ita ce ta sa na nemi biro da takarda. Kuka ce Hajiya ta yi haƙuri da wannan shirme nawa har ta koma ga Ubangijinta, ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe akwatin ba. Gaskiya ne ba ta taɓa buɗe shi ba. Sauran maganar kuwa ba haka take ba, kuma laifina ne da ban gaya muku ba tun tana raye.

Ni ba mai ilimi ba ne. Aji huɗu na yi a elemantare aka cire ni aka kai ni koyon ɗinki. Saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari.

A shekarar da na auri mahaifiyarku ina da rumfar ɗinki a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Abokina Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne mai zuwa kudu ya dawo. Shi ya fara kawo mini waɗannan littattafai. Ƙanana ne, takardarsu irin ta jarida, kowane shafi an yanka shi gida-gida, a kowane gida akwai mutane da aka zana, maganarsu tana fitowa daga bakinsu a cikin wani abu mai kama da ƙwai. Duk da Turanci suke. Ina iya karanta kaɗan, sauran in cike da kaina. Bayan azahar samari sukan taru a rumfata, ƙafata tana kan keke, bakina yana ba da labari, su kuma suna miƙa wa juna littafin. Ɗanjuma kaɗai ya san ƙarya nake haɗawa. Wata rana ya tsayar da ni a gaban jama'a.

"Tela, jiya ka ce yarinyar nan ƙanwarsa ce. Yau kuma ka aura masa ita?"

"Turancin ne ya canja," in ji ni. "Kai da ka saba da tuƙi me ka sani?"

Aka yi ta dariya. Kafin damina ta faɗi na tara guda talatin da bakwai, kuma ina ji da su fiye da yadda ya kamata magidanci ya ji da takarda.

Sai magana ta taso. Daga manyan garuruwa ta fara, muna jin labari a bakin matafiya cewa ana tattara irin littattafan nan ana ƙonawa. Malaman boko suka ce suna samun su a jakar ɗalibai, suna hana karatu. Masu wa'azi suka ce suna koya wa yara shan taba da faɗa da fasa shago, ga mata a ciki da tufafin da bai kai gwiwa ba. Ba zan ce duk ƙarya suka yi ba. Akwai taba a ciki, akwai faɗa, matan kuma haka suke. Manyan gari suka zauna, aka sa mai shela ya zagaya: duk mai irin littattafan nan ya kawo su fili ranar kasuwa mai zuwa a ƙone, wanda aka samu ya ɓoye kuwa za a rufe masa wurin sana'a. Kowa a garin ya san wa ake nufi da maganar ƙarshe.

A cikin malaman da suka tsaya a kan lamarin har da kakanku, Malam Ilyasu na Rawayau, mahaifin Hajiya. Ba ku san shi sosai ba. Mutum ne gajere, mai magana a hankali, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuma ban taɓa iya kallon idonsa ba. Shi ba taba ko faɗa ne damuwarsa ba. Abin da ya riƙe shi ne surar mai rai: mutum ya zauna ya zana ɗan Adam cikakke, da kai da jiki, kamar yana jiran a busa masa rai. A kan wannan yake wa'azi, kuma bai taɓa sassautawa ba.

Yanzu sai in gaya muku wacece mahaifiyarku a lokacin, don ku kun tashi kun same ta mai tuwo da wanki da sayar da ƙuli-ƙuli. Rabi ita ce babbar 'yar Malam, kuma duk cikin 'ya'yansa, maza da mata, babu mai hannun rubutu irin nata. Ita ke rubuta wa matan gidansu allo. In Malam ya gaji, ita yake miƙa wa alƙalami ta cikin gida ta ƙarasa wa ɗalibai. Da aka kawo ta gidana, a cikin kayanta har da kurtun tawada da damin alƙaluman kara da ta feƙe da kanta. An riga an yi magana cewa bayan babbar Salla za ta fara karantar da matan unguwarmu a ɗakinta, Malam ya sa albarka. Ba ta san boko ba ko harafi ɗaya. Amma ashe in na fita takan ɗauki littattafan da na kawo gida ta bi hotunan, har ta fi ni gane labarin. Ita ta taɓa gaya mini cewa mai baƙar hular nan da nake kira ɓarawo ɗan sanda ne ya yi shigar burtu, in duba takalminsa.

Saura kwana shida a ƙone su na kwaso su duka na kawo gida. Na ce mata zan kai su Makera in ɓoye a rumbun kawuna har ƙura ta lafa. Ta tambaye ni, in Baba ya dube ni ya ce ina suke, me zan ce masa? Na san ba zan iya yi wa surukina ƙarya ba, kuma ba zan iya miƙa su a wuta ba. Ta ce in bar mata su, kada in tambaye ta komai sai ta gama. Na ɗauka wata maɓoya ta sani.

Rana ta huɗu na dawo da wuri, bayan la'asar. Na tarar da tabarmi biyu a tsakar gida, an shanya littattafan a buɗe, kowanne an danne shi da dutse. Na tsuguna na duba. Duk mutumin da ke cikin kowane gida na kowane shafi, an ja masa siririn layin tawada a wuya, daga wannan gefe zuwa wancan, an raba kai da jiki. Dawakai ma haka, karnuka ma haka, har wani tsuntsu a kan reshe. Matan kuwa ta ɗaura wa kowacce kallabi, ta sauke musu zane har idon sawu, da tawada baƙa wuluk. Aiki ne mai tsabta, ko ɗigo babu inda bai kamata ba. A lokacin ban ga tsabtar ba. Abin da na gani shi ne an yanka mini mutanena. Tana zaune a bakin ƙofa, yatsunta uku sun yi baƙi, idonta ya yi ja saboda duba ƙananan zane. Abin da na ce mata ina tune da shi kalma-kalma, kuma zan rubuta shi don ku san mahaifinku.

"Da kin bari an ƙone su da ya fi mini. Wa ya sa ki? Kin ɓata mini littattafai."

Ta ce kawai gobe da safe in nemo aron keken hawa ko jaki, za mu Rawayau.

Mun isa da hantsi. Malam yana zaurensa a kan buzu, tare da wasu malamai biyu da suka zo shawara a kan taron ƙonawar. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Ita ta shiga cikin gida ta zagayo ta tsaya a bayan ƙofar ciki, inda za a ji muryarta ba a gan ta ba. Na ajiye ƙunshin a gaban Malam. Sai ta yi magana.

"Baba, kai ka karantar da mu cewa sura kai ce. In an raba kai da jiki ta zama kamar itace. Na raba. A duba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya fara cewa ai wannan wasa ne da hukunci, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya kwance ƙunshin ya ɗauki na farko. Bai yi sauri ba. Shafi-shafi ya bi, gida-gida, yana bin kowane wuya da yatsa, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi. Baƙin suka duba uku ko huɗu suka gaji suka bar masa. Ni ina durƙushe har ƙafata ta mutu. Can wajen na talatin, na ga ya tsaya a wani shafi. Ya daɗe. Ya ɗora babban yatsansa a kan wani gida ya danne, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ciki, sannan ya dube ni, abin da bai saba yi ba. Ya juya shafin ya ci gaba. Da ya gama ana kiran azahar. Ya ce duk surar da aka ja wa layi ta fita daga hukuncin da yake magana a kai, saboda haka shi ba zai ce a ƙone waɗannan ba. Amma kada su sake komawa rumfa, kada a sake tara samari a kansu. Baƙin ba su ji daɗi ba, sai dai babu wanda zai ja da shi a zaurensa.

Bayan salla ya shiga cikin gida ya kira ta. Ba su daɗe ba. A hanyar dawowa, mun kusa rabi, ta ce mini Baba ya ce ta aiko masa da kurtunta da alƙalumanta, kuma maganar karantar da mata a bar ta. Na tambaye ta dalili, ta ce ya fi mu sani. Ni na yanke wa kaina cewa don ta zuba tawadar Alƙur'ani a kan hotunan Turawa ne, kuma a raina har na ce ai ita ta jawo. Shekara hamsin da wani abu ina riƙe da wannan fassarar.

Ranar kasuwa aka tara na sauran mutane a fili aka zuba kananzir. Na je na tsaya don a gan ni. Takardar ba ta da nauyi, nan da nan ta cinye, toka tana tashi tana sauka a kan hulunan mutane. Ɗanjuma ya matso ya ce mini a kunne, ni kaɗai ne a garin nan aka yi wa mutanena yankan Musulunci. Ban yi dariya ba. Na ce masa ya biyo ni gida. Na ɗauko ƙunshin nan duka, wanda ta yi kwana huɗu a kansa, wanda ta rasa alƙalaminta saboda shi, na miƙa masa a gabanta na ce ya kai su duk inda ba zan sake ganin su ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Tela, ka tabbata?" Na ce na tabbata. Tana tankaɗe a lokacin. Ba ta ɗaga kai ba.

Daga ranar ba ta sake rubuta harafi ba, ko bayan rasuwar Malam. Aminu, ka tuna ita ke wanke maka allo ta shafa masa farar ƙasa ta jingine shi ya bushe, amma sai dai ka kai wa malaminku ya rubuta maka. Ka taɓa tambayarta ko ba ta iya ba ne, ta ce maka hannunta ya manta. Ina wurin, ina ɗaura alwala, kuma ban ce komai ba.

Da Ɗanjuma ya rasu, shekarun baya, na je ta'aziyya, iyalinsa ta aiko mini da wani ƙunshi ta ce ya bar wasiyya a ba Tela. Guda uku ne daga cikinsu. Na buɗe a nan zauren makoki. A lokacin idona ya riga ya gaza da zare da allura, na san abin da ake nufi da aikin hannu mai ƙanƙanta. Na ga layukan nan sirara, miƙaƙƙu, ɗaruruwa, babu wanda ya karkace, babu wanda ya taɓa fuska. Na ga yadda ta bi lanƙwasar jikin kowace mace ta yi mata zane har da naɗin gefe, kamar ta auna ta. Ni da nake tela ban iya sauke riga haka ba. A ranar na fara neman sauran. Na san garuruwan da Ɗanjuma yake tsayawa da mutanen da yake hira da su, sai na bi su ɗaya-ɗaya, ko 'ya'yansu. Na samu biyu a akwatin wani tsohon wanzami a Kurfi. Na samu ɗaya a Makera an cusa shi a jinka, gara ta ci rabinsa. Wani ya ce mini matarsa ta daɗe da kunna wuta da nasu. Mutane suka ji tsohon tela yana neman littattafan zane, suka riƙa kawo mini har waɗanda ba nawa ba, masu tsabta, waɗanda wasu suka ɓoye a wancan lokaci. Na karɓa don kada in kunyata su. Ana yi mini dariya a tashar babura, na sani, kuma bai dame ni ba.

Ranar da na shigo da ukun farko na ajiye su a inda za ta gani. Ta dube su daga nesa ta ce, ashe gara ba ta ci ba. Shi ke nan. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na dawo daga irin wannan tafiya, in ta kawo mini ruwa sai ta ce, "Malam, nawa suka zama?" In gaya mata. Ban taɓa buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Na ɗauka tafiyar da nake yi ta isa magana. Ba ta isa ba, kuma ina gaya muku ne don kada ku yi wa naku iyalin haka.

Na ashirin da uku na samo shi a Karofi, a watan da ciwonta ya tsananta. Ina kan babur a hanyar dawowa na kasa haƙuri na sa mai babur ya tsaya a gindin wata bishiya na buɗe. A tsakiyar littafin akwai wani gida ƙarami a ƙasan shafi. Ba jarumin labarin ba ne, wani tela ne kawai a rumfarsa, ƙafarsa a kan keke, ya juyo yana dariya ana faɗa a titi, har da wushirya irin tawa. Duk mutanen shafin an ja musu layi. Shi kaɗai wuyansa lafiya lau. A gefensa akwai wani tabo mai duhu kamar na yatsa. Ban ce na Malam ba ne, Allah ne ya sani.

Na same ta a kwance da la'asar, Binta kin fita sayo magani. Na zauna a bakin gado na buɗe mata shafin. Wannan ne karo na farko da ta taɓa ɗaya daga cikinsu tun ranar da na miƙa wa Ɗanjuma. Ta kawo shi kusa da idonta, sai ta yi murmushi.

"Sai yau ka gani?"

"Mantuwa kika yi?"

"Ni? Na ja wa tsuntsu, in manta da mutum?" Ta numfasa. "Sau uku ina kai alƙalamin. Hannuna ya ƙi."

Na tambaye ta ko Malam ya gani. Ta ce tun a ranar. Da ya kira ta cikin gida ya ce mata ya gane wa ta bari da kuma dalili, kuma ba zai tona ta a gaban baƙi ba. Amma ta sa shi ya yi hukunci a gaban mutane alhali ta ɓoye masa abu, ta bar shi ya zaɓi tsakanin 'yarsa da maganarsa. Wanda ya yi haka da alƙalami sau ɗaya, in ji shi, bai kamata a ba shi amanar allon wasu ba. Ta ce Baba ya yi gaskiya, shi ya sa ko bayan ransa ba ta koma ba. Na ce me ya hana ta gaya mini duk shekarun nan. Ta ce ai littafin yana hannuna kwana biyu kafin in bayar, da na buɗe da na gani.

A nan na roƙe ta gafara, da baki, yadda ya kamata in yi tun ina saurayi. Ta ce ta daɗe da yafewa, tun ina kan na bakwai ko na takwas, ta dai bar ni ne in ci gaba don tafiyar tana yi wa ƙafafuna amfani. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu.

To, ga abin da nake so. Masu tsabtan nan da mutane suka kawo mini, ku yi yadda kuka ga dama da su. Binta, in mutumin Kano yana so ki ba shi. Aminu, in ka riga ta, ban hana ka ba. Na ji Binta tana cewa mutumin ya ce masu layi a wuya ba su da daraja, an ɓata su. A sana'arsa ya yi daidai, ni ma haka na ce a ranar da na fara ganin su. Amma allunan da mahaifiyarku ta rubuta duk an wanke su tun kafin a haife ku. Waɗannan ashirin da ukun su ne kaɗai abin da ya rage a duniya na hannunta da alƙalami. Na ɗaure su daban da baƙin zare, ku raba a tsakaninku, ku nuna wa 'ya'yanku.

Mai telan kuwa na sa shi a sama, Aminu, da sunanka a jikin takardar da na naɗe shi. Ka fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma ba zan yi maka gardama a kan hukunci ba. Kakanka ya fi ka tsanani a kan wannan magana, ya ɗora yatsansa a wurin, ya juya shafin. Ka buɗe shi ka duba da kyau kafin ka nemi ashana.